Hancin Aro

A watan Oktoba, kafin ƙasa ta daskare,
na durƙusa a bayan gidana na Workum,
gwiwa ɗaya kan tsohon buhun dankali,
ɗayar cikin laka.
Ƙasarmu ba ta san ƙishi ba.
Ka haƙa taki guda, ruwa ya leƙo ya gaishe ka.
Ita kuwa lili ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙafa,
sai na zuba yashi a gindin kowane rami,
tafi biyu, kamar mai yi wa baƙo shimfiɗa.

Kawuna bakwai wana Wiebe ya bar mini
a jakar takarda, da rubutunsa mai karkata:
zurfi, tsawon kai sau uku.
Ba su da kyan gani ko kaɗan,
kamar tafarnuwar da ta sha duka,
ɓawo kan ɓawo, saiwa kamar gemun bunsuru.
Shekara tara ya yi da ɗan buroshi a hannu,
yana ɗebo garin wannan fure ya shafa wa wancan,
'yar tsaunukan Japan da mai dogon wuya,
har ya samu ruwa biyun da yake nema.
Ya ce ƙamshinta zai tsayar da mai keke a hanya.
Bai kai bazara ba.

Na rufe, na danna da tafin hannu, na shiga ɗaki.
Ƙanƙara ta zauna musu a kai wata uku.
Ɓeran gona ya ci biyu, Allah ya isa.

A Afrilu biyar suka huda ƙasa.
Sai ga jajayen ƙwari, ja kamar fentin ƙofa,
kana miƙa hannu su faɗo rigingine,
baƙin cikinsu ya saje da ƙasa.
Kullum da asuba ina farautarsu da kofin shayi.
Iskar teku ta taso da rashin kunya,
na kafa gora, na ɗaure kara da tsohuwar safa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa Wiebe ba:
tun zazzaɓin da ya kwantar da ni, shekara uku ke nan,
hancina ya ajiye aiki.
Kofi da ruwan famfo duk ɗaya ne a wurina.

Ƙarshen Yuli ta buɗe,
fara, da ɗigon ja a maƙogwaro,
faɗinta ya fi tafina.
Na cusa fuska ciki.
Sallama a gidan da ba kowa.
Abin da na samu kawai, garin fure a kwalar riga,
wanda sabulu bai iya masa ba har yau.

Da magariba sai ga Tjitske a bakin shinge,
wadda rabonmu da gaisuwa tun rikicin kyanwarta.
"Sjoerd, me ka shuka haka?
Na rufe taga, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa."

Na ce, "Faɗa mini yadda yake."

Ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta lumshe ido.
"Kanumfari," ta ce. "Zuma da aka ɗumama.
Akwatin zannuwan uwata ranar Lahadi.
A can ƙasa kuma akwai wani abu,
kamar ciyawar da ta kwana a jiƙe.
Ya yi yawa, gaskiya. Kamar wanka."

"Wanka wa?"
"Wanka Wiebe mana. In ya shigo ɗaki, ya cika shi."

Yanzu kyanwar tana kwana a kulle,
don ganyen nan guba ne gare ta,
ita kuma Tjitske tana zuwa da kujerarta.
Jiya ta ce ƙamshin ya soma ja da baya.
Ɗazu wani yaro ya taka birki a ƙofar gida,
yana ɗaga hanci, yana waige.
Ban ce masa komai ba.